Haruffa Biyun da Aka Yanke Mini

A gidanmu kusan ba wanda ya taɓa jira in ƙarasa magana. Ina da i'ina tun ina yaro, irin mai nauyin nan da ke riƙe muƙamuƙi, kuma mutanen gidanmu, Allah ya saka musu, sun ɗauke mini wahalar ƙarasawa. In na ce "ru-ru", an miƙo ruwa. In na ce "ka-ka", wannan ya ce kasuwa, waccan ta ce Kawu, ni kuwa kaza nake nufi ta shiga ɗaki. Duk abin da ya maimaitu a bakina, kunnuwansu sun saba yanke shi su jefar, kamar yadda mahauci ke cire jijiya daga nama. Sunana Zakiyyu, amma a layinmu na unguwar Briqueterie, a Yaoundé, Za-Zaki ake ce mini, har yaran da na girma nesa ba kusa ba. Abin yana ƙona mini rai, kuma ban taɓa samun faɗa ba, don kafin in kai ƙarshe an riga an ce mini ba komai.

Wuri ɗaya ne harshena ba ya sarƙewa, kuma ba wanda ya lura. Ilimin tsirrai nake karantawa a jami'a, da Faransanci, kuma kalmomin siffar ganye haddace su na yi da rerawa, yadda muka yi karatun allo. Su kam suna fita sumul. Lancéolé, mai kama da bakin mashi. Cordé, mai kama da zuciya. Réniforme, mai kama da ƙoda. Haka ake siffanta kifi da ƙwanson katantanwa ma, kowace siffa da sunanta. Akwai kuma wata 'yar dabara a cikinsu: in aka sa "ob" a gaban kalma, to an kifa siffar ke nan. Ovale ganye ne kamar ƙwai, faɗinsa a gindi wajen reshe, tsininsa a baki. Obovale ƙwan ne dai, amma a kife, siriri a gindi, faɗi a baki. Mu kuma Hausawa ba mu da "v" a baki, don haka na farko obal ne, na biyu obobal. Ku riƙe wannan, don a kansa aka kusa yin asarar rai.

Shekarar 1991 ce, lokacin da ƙasa ta rikice. Garuruwa da yawa sun rufe kasuwanni, hanyoyi babu tabbas, kayan Arewa sun yanke daga kasuwar Mokolo. Yayana Abdulgaffar direban babbar mota ne, ya maƙale a Ngaoundéré, sai dai saƙon baki. Mu ɗalibai mun yi zanga-zanga, aka tarwatsa mu, na tsira da tsagewa a goshi da gwiwa a kumbure. Bayan nan aka shiga tsintar ɗalibai a unguwanni, kuma duk saurayin da aka gani da bandeji a ka, ba sai an tambaye shi inda ya samo ba. Shi ya sa Inna ta kai ni ta ɓoye a ɗakin ajiyar yadi na bayan shagon ƙanenta, Kawu Gajere tela, can gefen unguwar Messa. Tsakanina da gida akwai babban titi, kuma masu kaki sun kafa shinge a kansa.

A gida kuwa hankalin kowa yana kan Jaratu, matar Abdulgaffar. 'Yar Garoua ce, mai kunya har ta yi yawa, ko sunan Inna ba ta iya ji ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ciki biyu sun zube mata a baya. Wannan na ukun ya kai wata bakwai, amma duk abin da ta ci sai ya dawo, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Hajara unguwarzoma, maƙwabciyarmu, ta ce in ba a samo abin da zai zauna mata ba, ita ba ta ɗaukar alkawarin komai. Jaratu ce kaɗai a gidan ba ta ƙarasa mini magana. Na daɗe ina zaton kunya ce ta hana ta, daga baya na gane jira take yi da gaske.

Ƙanwata Salwa ce ke kawo mini abinci. Tana ajin ƙarshe a lycée, wato sakandare, baki kamar rediyo, ƙafa kamar an kunna mata wuta. Ran nan da safe ta shigo tana zuba, ta ce an gano abin da Adda Jaratu ke so. Kwaɗon tafasa ne, wanda su can Garoua suke kira tasba. Ba ta faɗa wa kowa ba, cikin barci aka ji tana ambatonsa. Inna ta zaga Mokolo kaf, babu ko ƙwaya, masu kawo busasshiya sun ce sai hanya ta buɗe.

Na yi murna, don na san inda take. Tafasa tana fitowa da kanta a gefen layin dogo na Elig-Edzoa, na sha tsinkar ta don aikin makaranta. Matsalar ita ce ba ita kaɗai ke fitowa a wurin ba. Tana da 'yar'uwa, rai-ɗore, tsayinsu kusan ɗaya, furensu rawaya iri ɗaya, sau da yawa a kafaɗar juna suke tsirowa. Tafasa abinci ce. Rai-ɗore magani ne mai ƙarfi, yana murɗa ciki ya wanke shi tas, kuma ba abin da ake kusantar da mai juna biyu ba ne. Ɗan ƙauyen Arewa ko a duhu zai raba su. Amma Salwa a Yaoundé aka haife ta, Inna ma haka, kakanmu ne ya zo daga Kano. Tafasar da suka sani ita ce busasshiya, a marmashe cikin leda.

Na fara yi mata bayani da Hausa, harshe ya ƙi. Na kwatanta wurin da ƙyar, tana ta cike mini gurbi, tana duban ƙofa. Da na zo kan bambancin ganyen, na ga in na bi ta Hausa za mu kai azahar, sai na kama kalmar da na san ba za ta ci amanata ba. Na ce su biyu ne, ta tsinko mai ganye obovale. Kalmar ta fita lafiya lau, ko gargada babu.

"Na gane," in ji ta. "Kamar ƙwai."

Na gyaɗa kai, don ai ƙwan ne. Na ɗaga hannu zan nuna mata yadda aka kifa shi, ta riga ta kai bakin ƙofa tana gyara gyale.

Na yini ina jin daɗin kaina, ni ma yau na yi wa gidanmu amfani. Da la'asar Kawu Gajere ya rufe shago ya tafi masallaci. Jim kaɗan na ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya, aka ajiye kwano a ƙasa. Muryar Salwa ce, tana haki. Ta ce Inna ta dafa, ta haɗa da ƙuli-ƙuli, ga nawa rabon, na Adda Jaratu yana jiran ta idar da salla. Ita ba za ta tsaya ba, ana cewa za a rufe titi.

"Ga ovale ɗinka nan na ɗora maka a kan murfi, Farfesa, don ka san na iya aika."

Kalmar ta doke ni a ƙirji. Na ja ƙafa zuwa ƙofa, na zare sakata. A kan murfin kwanon ga ɗan reshe ɗanye, ganyensa masu faɗi a gindi, masu tsini a baki kamar an fere su. Na murza ɗaya, warin ya bugi hancina. Rai-ɗore ne. Nan take na ga abin da ya faru kamar a gabana aka yi. Na ce obobal, kunnenta ya ji ob-obal, ya yi abin da ya saba yi tun tana goye: ya yanke na farkon ya jefar. Ta je ta tsaya gaban tsirrai biyu, ta zaɓi wanda ya fi kama da ƙwan littafin makaranta.

Na leƙa lungu, na hango gyalenta zai sha kwana. Na buɗe baki, "Sa-Sa-Sa", iska kawai ke fita. Ta ɓace.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fasa mini goshi. Ba wanda zan aika. Na jawo wata babbar riga da Kawu bai gama wa aiki ba na zura, na danna hularsa har gira don ta rufe bandejin, na cusa reshen a aljihu. Na ɗauki kwanon ma, ban san dalili ba, wataƙila don hannuna ya sami abin riƙewa. Gwiwar tana sara kamar ana buga ƙusa, na fita ina ɗingishi.

Titin ya yi tsit. Masu tsire da suka saba cika bakin hanya da hayaƙi sun kwashe, sai teburansu a kife. A shingen mutum uku ne, ɗaya zaune a kan taya, biyu a tsaye. Na yi niyyar wucewa ta gefe kamar ban gan su ba, wani dogo ya miƙo sanda ya tare mini ƙirji.

"Ton nom?"

Sunana yake tambaya. A duk kalmomin duniya ba wadda ta fi ƙi mini kamar sunana. Na ce "Za-Za-Za", muƙamuƙi ya kulle, ido ya fito. Dogon ya dubi abokansa, suka fashe da dariya. Ya ce in sake. Na sake. Na kan tayar ya taso, ya ce shi ma yana so ya ji, wai kamar babur da ya ƙi tashi. Suka sa ni na yi ta maimaitawa, suna kwaikwayona, ni kuwa ba su nake gani ba. Jaratu nake gani tana sallamewa, tana shafa addu'a, Inna tana turo mata kwano. Gumi ya fara bin gefen bandejin, na ji yana saukowa, ban sani ba ko gumi ne ko jini.

Na ukunsu, wanda bai yi dariya sosai ba, ya zuba wa hular ido. Ya tambayi dogon da Faransanci ko ba ɗalibi ba ne wannan. Dogon ya ce wane irin ɗalibi, mutumin da bai iya faɗin sunansa ba? Ya buɗe kwanon da bakin sanda, ya ga ganye, ya yatsina fuska, ya ce in ɓace masa da gani. Shekara da shekaru ina jin haushin masu ɗaukata wawa saboda bakina. Ran nan na karɓi wautar da hannu biyu, na yi gaba.

Daga titi zuwa gidanmu lunguna ne matsattsu, da kwata a tsakiya. Na bi su ina dafa bango. Wata tsohuwa ta gane ni ta kira sunana, ban waiwaya ba. Na tura ƙofar gida ba sallama.

Suna tsakar gida. Jaratu na zaune a kan tabarma da hijabin sallarta, kwano a gabanta, hannunta a ciki. Inna na gefenta a kan kujera 'yar tsugune, tana yi mata fifita, fuskarta cike da farin cikin da na daɗe ban gani ba. Salwa na bakin madafa. Ban tsaya neman kalma ba, na faɗa kan tabarmar na fizge kwanon, kwaɗon ya watse a ƙasa.

Inna ta miƙe tana salati. Ta ce me ya fito da ni, so nake a kama ni? Na ce "ra-ra-ra". Salwa ta ce rabonsa yake nema, an kai masa fa. Inna ta ce a'a, rauni ne, ciwon kan ya taɓa shi. Na ce "ba-ba", Inna ta ce Baba ya rasu tun yaushe, yaron nan ya zauce. Suka yi ta jefo mini kalmomi ta ko'ina, kowace na kaucewa abin da nake nufi, harshena kuwa ƙara ƙullewa yake. Na ji kamar in fasa ihu, ihun ma ya ƙi fita.

"Inna, ku yi haƙuri." Muryar Jaratu ce, ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta katse Inna ba. "Ku bar shi ya ƙarasa."

Aka yi shiru. Shirun ya yi mini baƙo har na rasa ta inda zan fara. Na ciro reshen daga aljihu na ajiye. Na sa yatsa a ƙasa na zana ƙwai da ɗan kara a gindinsa mai faɗi, na ce ovale. Na zana wani a kife, karan a wajen siririn, na ce obovale. Na dubi Salwa, na sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, don ta ji ba tuntuɓe na yi ba. Sannan na nuna reshen, na tattara duk ƙarfina, na ce rai-ɗore. Ta ɗauke ni lokaci, amma ta fita, kuma ba wanda ya taya ni.

Salwa ta dubi zanen, ta dubi reshen, ta toshe baki da hannu. "Na zaci i'ina ce," in ji ta. "Wallahi Yaya, na zaci i'ina ce."

Inna ba ta san ganyen ba, amma ta san sunan, ta kuma san abin da ake faɗa a kansa. Mafici ya faɗi daga hannunta. Ta durƙusa gaban surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tambaye ta nawa ta ci.

Jaratu ta ɗaga gefen hijabinta, sai ga lomomi a dunƙule cikin zaninta, ta ɓoye su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da Inna ta kau da kai. Ashe tun da aka buɗe kwanon ta ji warin ta gane. 'Yar Garoua ce, ba za a ɓoye mata rai-ɗore ba. Amma uwar miji ta zaga kasuwa dominta, ta tsuguna ta dafa da hannunta, ta zauna tana yi mata fifita. Da wane baki za ta ce wannan ba shi ba ne? Na fahimce ta, kuma na ji haushinta ƙwarai a lokaci guda.

"Biyu na haɗiye," in ji ta. "Lokacin da kuke kallona."

Salwa ta ruga ta kira Hajara unguwarzoma. Hajara ta zo ta shinshina reshen, ta dubi abin da ke cikin zanin, ta ce da kwanon duka ne da yanzu wata maganar ake yi. Loma biyu kuwa, ga jiki ba ƙarfi, sai dai a jira a gani. Asibiti ba ya yiwuwa, an rufe titi, ba mota ko ɗaya. Ta shigar da Jaratu ɗaki, ta sa aka dafa ruwa.

Muka zauna a tsakar gida. Can muka ji Jaratu ta fara nishi, cikin yana murɗa mata. Hajara ta fito da ita zuwa bayan gida, ta mayar, ta sake fitowa da ita. Da Inna ta tambaya, sai ta ce murɗar hanji ce, ba ta haihuwa ba tukuna, amma abin da bai yi mata daɗi ba shi ne yaron ya yi lamo, tun ɗazu ba ta ji motsinsa ba. Inna ta koma ta zauna tana jan carbi. Salwa ta haɗa kai da gwiwa a jikin bango. Ni kuma ina kallon ƙwai biyun da na zana, kaza ta bi ta kan ɗaya ta ɓata shi. Na yi ta tunanin Abdulgaffar, da wanda zai tare shi da labari in ya dawo.

Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe tabarmar. Ladan na gyaran murya a masallacin layinmu sai labule ya motsa. Hajara ta leƙo, hannunta a jiƙe, ta ce wa Inna ta zo ta taɓa. Inna ta shiga da sauri har tana tuntuɓe. Can muka ji ta tana hamdala da muryar kuka. Yaron ya harba, ya sake harbawa, Hajara ta ce da irin wannan ƙafar ba inda za shi sai lokacinsa. Salwa ta fashe da kuka. Ni gwiwar ce ta tuna mini da kanta, na miƙe ƙafa na jingina da turmi.

Inna ta fito tana share fuska da bakin zani. Na ɗauka faɗan fitowata za ta dasa. Sai ta jawo kujerarta ta zauna dab da ni, ta cire mini hular Kawu, ta duba bandejin da ya jiƙe. Ta ce in sake faɗa mata kalmar nan. Na ce obovale. Ta gwada, ta ce obobal, ta ce lallai ita ma da yankewa za ta yi. Ta dubi zanen da ya rage a ƙasa.

"Ɗazu da ka shigo ka ce ba-ba," in ji ta. "Me za ka ce?"

Ba tafasa ba ce, shi ne kawai abin da zan ce, kuma yanzu ba shi da sauran amfani. Amma ta tambaya, sai na fara. Harafin farko ya maƙale kamar kullum. Na ga bakinta ya motsa, kalma ta zo mata har leɓe. Ta sa hannu ta rufe bakin, ta bar shi a rufe. Aka kira salla, aka tayar, tana zaune tana jira.